Batirin Taya Ya Kai Ni Illela

Asabar: Sakkwato

Ƙarfe shida saura kwata, bayan an fito daga sallar asuba, na tayar da mota a ƙofar gidanmu. Ban gama murɗa makulli ba 'yar fitilar nan ruwan ɗorawa ta fara ƙifta mini ido a gaban sitiyari. Ta yi kamar minti ɗaya tana ƙiftawa, sannan ta tsaya a kunne. Wata biyu ke nan kullum da ita nake fara gaisawa. Inna ta leƙo daga zaure da carbi a hannu, ta ce, "Bello, in ba ka taho da Arzika ba, kak ka ce min ka je Illela." Ta juya ciki, ko Allah ya kiyaye hanya ba ta yi mini ba.

Baba Arzika direban mahaifina ne. Shekara goma sha tara yana tuƙa shi, shi ne ya riƙa kai ni firamare, kuma da Alhaji ya rasu bai tafi ba, ya ci gaba da kai Inna asibiti da gidajen dangi. Da na sayi wannan mota 'yar Kwatano, ƙirar Amurka, shi na damƙa wa makulli. Rannan ya kai Inna ta'aziyya Illela. Ya dawo da la'asar ya same ni a majalisa da abokaina, ya tsaya daga gefe, ya ce wata fitila ta kama a hanya, ya nuna wa mai gyara, an ce batirin taya ne ya mutu.

To, ni malamin kimiyya ne a sakandare, shekara goma sha huɗu ina koya wa 'ya'yan mutane yadda batir yake aiki. Na ce, taya da batir? Majalisa ta kwashe da dariya. Wani ya ce ai halin direbobi ke nan in sun je bakin iyaka, su sauke sababbin tayoyi su ɗora tsofaffi, in mota ta yi ƙorafi su ƙirƙiro tatsuniya. Da na yi shiru, da magana ta mutu a nan. Amma dariya daɗi gare ta in kai ne ka jawo ta. Na ce, "Haba Baba, da furfurarka? In tayoyi aka canza a faɗa mini, a bar ƙarya." Ya juya ya tafi. Da gari ya waye aka ga makulli a kan tabarmar Inna, shi kuwa ya koma garinsu Lafani.

Gaskiya ɗaya ce: ba ban haƙuri na fito yi ba. Na fito ne in nemo shaida in kawo wa Inna, ta san ɗanta bai zalunci kowa ba. Waya tana aljihuna duk wata biyun nan, da na tambaye ta da ta ba ni amsa cikin minti ɗaya, amma wanda ya tabbata ya sani ba ya tambaya.

Kware

Shida da kwata na iso Kware, kilomita ashirin ko kusa da haka. A shinge wani jami'i ya leƙo ta taga, ya duba takardu, idonsa ya faɗa kan fitilar. Ya ce tayata na son iska. Na ce jiya na sa aka auna, duk lafiya. Ya yi dariya, ya ce to in yi abin da kowa ke yi, in samu baƙin salatif in liƙe ta, ido bai gani ba rai ba ya ɓaci. Ya ɗaga mini hannu na wuce. Kaka ta yi, dama da hagu ana ta yankan gero, jakuna sun fara fitowa da dammai tun rana ba ta ɗaga ba.

Gwadabawa

Bakwai saura minti goma na tsaya a Gwadabawa wajen mai shayi, na sa aka haɗa mini mai madara da rabin burodi, naira ɗari bakwai. Direbobi uku ne a kan benci. Ɗaya yana ta mita, motarsa ta albasa ta ƙi tashi tun asuba. Na kusa da shi ya ce, "Ka dibi batirin taya? A kira ma Arzika shi diba ma." Suka fashe da dariya har mai shayi.

Na ajiye kofi, na tambaya kamar baƙo, wane ne Arzika. Suka yi rige-rigen ba ni labari. Wani tsohon direba ne, in ji su, ya tsallaka iyaka zuwa Ƙwanni da motar ubangidansa ya sayar da tayoyi huɗu aka ba shi sefa, da aka ritsa shi ya ce batirinsu ne ya mutu. Wai har caji ofis aka kai shi. Yanzu daga tashar Illela har Lafani ba mai kiransa sai Arzika Batir. Mai motar albasa ya ƙara da cewa abin tausayi ne dai, mutumin da a da ake ba shi amanar dukiya ya kai birni, yau ko saƙon goro ba a ba shi.

Ni na san ba a je caji ofis ba, kuma ba wanda ya ambaci Ƙwanni ko sefa. Magana ɗaya na yi a ƙofar gida, ta hau motocin haya ta riga ni isowa, ta yi ƙiba a hanya. Na bar rabin shayin a kofi. Duk da haka ina shiga mota na lallashi kaina, na ce ai ba ni na aike shi yin ƙarya ba.

Amarawa

Takwas da minti biyar na isa Amarawa, saura ƙiris in shiga Illela. Na hango tsohuwar taya rataye a jikin bishiyar dogon yaro, alamar mai faci, na faka. Mai facin sunansa Ɗanjumma, mutum mai fara'a da ƙaton murya. Ya zagaya da geji, ya ce iska daidai take a duk huɗun. Na ce ba iska ta kawo ni ba, so nake ya gaya mini ko an canza mini tayoyi. Ya tambaya ko ina da safaya. Na ce biyar na saya rana ɗaya, ta biyar ko ƙasa ba ta taɓa takawa ba.

Ya tsuguna ya tofa yawu a yatsa, ya goge wasu 'yan lambobi a gefen kowace taya, waɗanda ke nuna makon da aka ƙera ta da shekarar. Ya buɗe but ya goge na safaya. Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa.

"Malam, waɗanga uwa guda uba guda na. Ba wanda yat taɓa su."

Na tambaye shi, da 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ko ya taɓa jin taya da batir. Ya ce shi dai batir bai gani ba, amma irin motocin nan akwai wani ɗan baƙin abu kamar ƙwaro maƙale a gindin bawul ta ciki, har ya taɓa fasa ɗaya da ƙarfen cire taya mai mota ya kusa cinye shi ɗanye. Ya ce in na shiga Illela in nemi Isuhu mai kwamfuta, shi ya san harshensu. Na ba shi ɗari biyar, ya ce ɗari biyu ta isa.

Illela

Tara saura kwata na shiga Illela. Jajiberin kasuwa ne, gari ya fara cika: 'yan canji a bakin hanya suna kaɗa damin sefa, babura ɗauke da kayan da ya fi direba tsawo suna kurɗawa, Fulani na koro shanu zuwa kara. Na tambayi mutum biyu aka nuna mini rumfar Isuhu, bayan masu walda. Siririn mutum ne, zai yi shekara arba'in, a Kwatano ya koyi aiki, Hausarsa da gaurayen Faransanci.

Yana ganin motar ya ce ya san ta. Ya ɗauko wata na'ura kamar babbar waya, ya kara ta a bawul ɗin taya ta gaba. Ta yi ƙara, lambobi suka fito. Ta biyu ma ta amsa, ta uku ta amsa da ƙyar. Ta baya hannun dama ya kara, ya sake karawa, shiru. Ya sa aka ɗaga motar, ya sauke tayar, ya raba ta da wili a hankali. Ga abin nan a gindin bawul, baƙi, bai kai akwatin ashana ba. Ya kwance shi, ya sa wuƙa ya yanke murfin, ya ƙwaƙule wani danƙo da aka cika cikin da shi. Sai ga batir, fari, zagaye kamar kwabo. Ya ɗora mini a tafin hannu.

Na tsaya ina kallonsa. Ni da nake zana irinsa a allo kowace shekara.

Isuhu ya yi mini karatu, ni kuma na zama ɗalibi. Ya ce sensa ake kiran abin. Aikinta auna iskar taya ta aika wa mota labari ba tare da waya ba, shi ya sa take buƙatar batirin kanta. Batirin yana yin shekara biyar, wani bakwai, mai ƙarko ya kai goma, gwargwadon yawan tafiya da zafin gari. Motocin da muke saya kuwa sun riga sun cinye rabin ransu a can kafin su taka Kwatano. Ya ce in fitila ta kama kai tsaye ta tsaya, iska ce ta yi ƙasa. In ta fara ƙiftawa na minti guda kafin ta tsaya, mota ce take cewa ta kira ɗaya daga cikinsu ba a amsa ba. Masu ƙera abin ba su yi shi don a canza batir ba, a liƙe yake ruf, sabuwa ake sakawa. Akwai masu gyaran waya da ke yankewa su liƙa sabon batir da dalma su toshe da gam, wani ya yi shekara, wani ko mako biyu ba ya yi. Abin da ya fi ba shi haushi masu liƙe fitila da salatif ne, domin ranar da taya za ta sace da gaske a guje, ba mai gaya musu.

Shawararsa ita ce in canza duk huɗun, tunda sa'annin juna ne, bi da bi za su mutu. Sai an tsallaka Ƙwanni a kawo, kuma dole 'yan Amurka, domin na Turai yarensu daban, mota ba za ta ji su ba. Ya ce in bar motar, gobe da hantsi in zo in ɗauka. Na amince. Sannan na yi tambayar da tun ɗazu take maƙale a wuyana, ko wani tsoho ya taɓa kawo masa motar nan.

"Ƙwarai. Ni nih hwaɗa mishi. Sau ukku yas sa ni maimaita, yana bi da baki, wai don kash shi yi kuskure. Yac ce ɗan maigidanai malamin kimiyya na, da ya ji zai gane."

Kunya na sani, na taɓa jin ta. Wannan ta wuce kunya. Na zauna a kan wata tsohuwar taya na kasa ɗaga kai, Isuhu kuwa ya yi mini kara, ya shiga shirya kayansa kamar bai gani ba. Da zan tafi na roƙe shi matacciyar sensar da batirinta, ya ƙulle mini a leda.

Na sauka a gidan Alhaji Nomau, ƙanen Inna, mai fataucin albasa. An kawo fura da nono mai sanyi, bayan magariba tuwon gero da miyar kuka. Kawu ya karɓe ni ba yabo ba fallasa. Da na zayyana masa komai, ya daɗe yana sakace, sannan ya ce shi abin da ya fi damunsa, Arzika bai taɓa buɗe baki ya kare kansa ba. In an tsokane shi a tasha, murmushi yake yi ya wuce, domin kare kansa na nufin ya ƙaryata ɗan maigidansa a bainar jama'a.

Lahadi: Lafani

Bakwai daidai na hau kabu-kabu. Hanyar rairayi ce, sau biyu na sauka muka tura. Takwas saura kwata muka isa. Na tambayi gidan Malam Arzika, wani mai amalanke ya ce, "Wane? Batir?" Ya nuna mini gona da sanda. Na bi inda ya nuna, domin ba ni da bakin yi masa faɗa.

Na same shi yana ɗaure dami, ya taka da gwiwa yana jan igiya. Ya rame. Yana ganina ya saki igiyar, ya goge hannu a riga, ya ce, "Ranka shi daɗe, kai na tahe?" Tun ina cikin zanen goyo Bello yake kirana. Wannan ranka ya daɗen ya fi mari zafi.

Ya tambayi Inna, ya tambayi ƙafarta, ya tambaya ko ana kai ta ganin likita a kan lokaci. Na durƙusa a cikin karan gero, na kwance leda na miƙa masa. Na ce na gani da idona, shi ne mai gaskiya, ni na yi masa ƙazafi, ya yafe mini don Allah. Ya ɗauki batirin ya juya shi, ya kai kusa da ido. Ashe shi ma bai taɓa ganinsa ba, maganar mai sana'a kawai ya riƙe.

"Tashi, tashi. Ni na yahe tun ranan. Sai dai sunan ba hannuna shi ke ba, yana bakin mutane."

Na gane. A gaban jama'a na ɓata, ba zan gyara a bayan gari ba, daga ni sai shi sai tsuntsaye. Na roƙe shi ya raka ni Illela. Ya ce gero ba ya jira. Na ce zan tsaya mu gama. Ya dubi farar shaddata da hannuwana masu riƙon alli, karo na farko ya yi dariya, ya ce gara ya bi ni da in ɓata masa dami.

Tashar Illela

Sha ɗaya da rabi muka isa, kasuwa ta cika ta batse. A rumfar direbobi akwai mutum sun fi ashirin, har da mai motar albasa na Gwadabawa. Ana ganinmu wani ya ɗaga murya, "Batir ya iso!" Baba Arzika ya yi murmushin da Kawu ya ba ni labari.

Na yi sallama, na ce ni ne mai motar da ake ba da labarinta. Na ce ba a sayar da taya ba, ba a je Ƙwanni ba, ba a je caji ofis ba. Na ce dattijon nan gaskiya ya kawo mini, jahilcina ya sa na kira ta ƙarya. Na ɗaga batirin sama, na miƙa wa na kusa da ni. Ya zagaya hannu zuwa hannu, ana juyawa ana salati. Wani ya ce bai yarda ba, aka aika aka kira Isuhu, ya zo da hannu duk baƙin mai ya maimaita musu karatun jiya. Shugaban rumfar, wani dattijo mai jan rawani, ya tashi ya kama hannun Baba Arzika da hannu biyu, ya ce su ma sun ci haƙƙinsa, ya yafe. Mai motar albasa ya tambaye ni sana'ata. Na faɗa. Dariyar da aka yi ta fi ta majalisarmu, kuma wallahi ban ji haushi ba. Kafin mu bar wurin na ji ana cewa Malam Kimiyya, na san na samu nawa sunan.

Muka taka zuwa rumfar Isuhu. Ya saka sababbin huɗun, ya gabatar da su ga mota ɗaya bayan ɗaya da na'urarsa, muka zagaya gari na 'yan mintuna, fitila ta mutu. Na fito na zagayo, na miƙa wa Baba Arzika makulli. Na ce Inna tana jira.

Ya dubi makullin, bai karɓa ba. Ya mayar da yatsuna a kansa ya dunƙule mini hannu.

"Bello, riƙe abinka. In na kama sitiyarin ga kullum ina tunawa, kai ma kana tunawa, kana ta lallaɓa ni awa ƙwai. Gara mu dinga gaisawa da daɗi. Ka gaishe da Hajiya, ka ce ina nan tahe da gero in an gama."

Na yi magiya, na haɗa shi da Allah, na haɗa shi da marigayi. Ya yi ta girgiza kai yana murmushi. Sai da ya zagaya motar ya daddanna kowace taya da ƙafa, ya ce in yi a hankali a kwanar Gwadabawa, sannan ya hau kabu-kabu ya koma gonarsa.

Komawa

Uku da minti goma na bar Illela. Na yi wa Ɗanjumma hon a Amarawa, ban tsaya shayi a Gwadabawa ba. A shingen Kware jami'in jiya ya leƙo, ya ce ashe na liƙe ta. Na ce a'a, gyarawa na yi. Biyar saura kwata na faka a ƙofar gida, kilomita tamanin da 'yan kai, gaban mota fes ba fitila ko ɗaya, ni kuwa ban taɓa jin mota ta yi mini faɗi haka ba.

Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa Ɗanjumma da Isuhu da suka koyar da malami ba su yi masa gori ba, da Kawu Nomau da ya ba ni masauki da gaskiya, da direbobin tashar Illela da suka saurare ni.

Inna tana zaure, da alama ta daɗe a wurin. Ta dubi kujerar direba, ta dubi ta gefe, ta dubi ta baya. Na durƙusa na ba ta labari tun daga Kware har rumfar direbobi, na ce ya yafe, sunansa ya wanku, amma ya ƙi karɓar makulli. Sai ta ce:

"Ya yahe don Allah. Ya ƙi dawowa don kai."

Sannan ta ce ranar Laraba take da ganin likita, ƙarfe takwas, kuma Arzika bai taɓa makara ba.